Sandar da na cire mangwaro da ita

Laraba da dare, Satumba 2014, Hadayek el-Maadi

Innalillahi. Yau na janyo wa kaina.

Wata uku ina aikin lambu a gidan malamin nan ɗan Kanada a unguwar Ma'adi, kullum ina ganin sandar rataye a baranda, ta katako, da 'yar raga a kanta. Wallahi na ɗauka ta cire mangwaro ce, irin wadda muke haɗawa da gora a Zariya. Na cire uku lafiya. A na huɗu ta sarƙe a reshe, na fizga, sai na ji ƙas.

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Zama ya yi a ƙasa, ya ɗora ta a cinya. Ya ce ta wasan lakros ce, da ragar ake cafe ƙwallo. Da ita mahaifinsa ya yi wa garinsu wasa, ita kaɗai ya ɗauko bayan jana'izarsa.

Na ce, "Ma'alish, yallaɓai." Ni kaina na ji kunyar kalmar, don ita ce ban haƙurin da Larabawan nan ke yi a kan ƙaramin abu.

Aikin nan ne ke riƙe da karatuna. Wane kafinta ne zai iya gyara ta?

Kullum in zan tafi yakan ce, "Sai gobe, Habu." Yau ƙofa kawai ya buɗe mini.