Na Zauna a Bencin da Ba Nawa Ba

Zuwa ga mai wannan fili,

Don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Laraba, domin wani abin farin ciki ya same ni, kuma yana shirin tona mini asirin da na rufe shekara uku. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haura sittin na fara riƙe biro, a ajin manya na yamma.

Ni mai gyaran agogo ne. Teburina yana ƙarƙashin wata rumfa, taku kaɗan daga ofishin ƙaramar hukumarmu. A jaridarku na ƙarasa koyon karatu, a shafin nan da kuke kawo labarin zaman kansiloli, wane ya ce a gyara kwata, wane ya ce a tashi 'yan tebur daga bakin titi. Na so shafin saboda na san mutanen, kwatar ma na san ta. Sai shafi ya koma rabi, rabi ya koma ɗan akwati a ƙasan tallar katifa, daga ƙarshe aka bar katifar ita kaɗai.

Wata Laraba aka kira ni in duba agogon bango na zauren majalisar. Ina haɗa kayana sai ga kansiloli suna shigowa, na ji nauyin ratsa su in fita. A gefe na ga wani benci duk ƙura, an manna masa takarda an rubuta JARIDA. Da kaina na karanta, ba wanda ya taya ni. Ga jaridata a hammata, sai na ɗauka wurin zaman masu karanta jarida ne. Ashe 'YAN ɗin da ke gaba ne ya yage. Na kaɗe ƙura na zauna. Malaminmu kuwa ya ce duk inda muka ji ana magana mu riƙa yin shifta don hannu ya saba, sai na zaro littafina na shiga rubuta abin da suke faɗa.

Abin ya yi mini daɗi, na mai da shi duk mako. Kin san mai sana'a, duk wanda ya shigo sai na kalli agogo na rubuta lokacin. Zaman ƙarfe goma da a da sai sha biyu ake farawa, kafin wata biyu ya koma goma daidai. Wani mai gyangyaɗi ya daina. Aka juyo mini da fanka, kwatar ma aka gyara. Ni duk na ɗauka furfurata ake girmamawa. Sai ranar da wasu biyu suka kaure da cacar baki, shugaban majalisar ya nuno ni da haɓa ya ce su iya bakinsu, jarida na wurin. Har waigawa na yi ina neman ta. Ashe sun ɗauka ku kuka ɗauke ni in riƙa aiko muku labari, tunda ba ku da mai zuwa.

Wallahi ban taɓa ce wa kowa ni ɗan jarida ne ba, amma kuma ban ce ba ni ba ne. In sakatare ya tambaye ni yaushe rahotona zai fito, sai in ce masa komai da lokacinsa. Matata kaɗai ta sani, ta ce wannan ƙarya ce ta sa tabarau.

To ga abin murnar. Ina da jika, 'yar babban ɗana, muna ce mata Meyasa saboda tun tana ƙarama ba ta barin magana ta wuce ba ta tambayi dalili ba. Gwamnati ta ba jaridu tallafi don su ɗauki masu bin labaran ƙananan hukumomi, kuma Meyasa na cikin waɗanda kuka ɗauka! Ranar da ta nuna mini katin aikinta, duk wanda ya kawo agogo kyauta na gyara masa. Laraban nan za ta fara zuwa zauren, kuma ba ta san komai ba.

In na sulale, za su tambaye ta ina tsohon abokin aikinta. In na faɗi gaskiya, ina tsoron su mai da ita abin dariya tun ranar farko, a ce jikar ɗan jaridar bogi ce. Ga ubanta kuma yana ta ja mata kunne, wai tunda albashin daga tallafin gwamnati yake, ta bi a hankali, in baki ya ci ido kan ji kunya. Wannan ya sa wata zuciyar take ce mini in ci gaba da zamana, tunda ni ba wanda ya ba ni ko sisi. In tashi ko in zauna? In faɗa ko in yi shiru?

Ɗalibin Ajin Yamma

*

Baba,

Barka da arziki. Na yi dariya har ƙwalla, daga baya kuma na ji kunya, domin ƙurar da ka kaɗe tamu ce. Talla ta ragu, aka rage ma'aikata, wurin da aka fara janye ƙafa kuwa shi ne zauren da ya fi kusa da ƙofar gidan mai karatu. Ka nuna mana abin da mutum guda da biro yake iya yi a can.

Duk da haka, Mama ta fi ka gaskiya. Zaman farko kuskure ne, amma tun ranar da ka gane ka yi shiru, ya tashi daga kuskure. Kuma wasiƙar nan ta riga ta yanke maka rabin hukunci, don masu gyaran agogo da ke zama a majalisa ba su da yawa, duk wanda ya karanta zai gane ka.

Saboda haka ka fara da Meyasa, yau, kada ta ji a bakin wani. Ka ɗora mata littattafan a cinya. Shekara uku na wane ya ce, wane ya yi alkawari, ba ɗan jaridar da yake fara aiki da irin wannan jari. Sai dai ta tantance komai kafin ta buga, don shifta ba ta rasa tuntuɓe. Gobe kuma ka sami sakatare da fara'arka ka ba shi labarin takardar da ta yage. Wanda ya riga mutane yi wa kansa dariya ya rage musu abin faɗa, balle su da suka yi shekara uku suna sammako saboda aikin gida na ɗan makaranta, ba su ne za su so a yi ta maganar ba.

Tsoron ɗanka ba na banza ba ne. Hannun da ya bayar yana iya janyewa, kuma ya kamata masu karatu su sa mana ido a kan haka. Amma kuɗin na jama'a ne, ba daga aljihun shugaba ya fito ba, kuma don a tambayi dalili aka ware shi. Ta ji ta bakin kowane ɓangare, ta riƙe hujjarta, sauran nauyin na editanta ne.

Kai kuma kada ka daina zuwa. Ka koma wajen zaman jama'a da littafinka, mai biyan haraji ba ya bukatar kati kafin ya saurari wakilansa. Abu guda nake roƙo: in ta miƙe za ta yi tambayarta ta farko, ka danne zuciyarka, kada ka taɓo na kusa da kai ka ce masa jikarka ce. Ka bari sai an fito waje, sannan ka gaya wa duk wanda ka ga dama.

Allah ya sa ta fara a sa'a, kai kuma ya ƙara maka lafiya da ƙarfin ido.