Tsohon ya ɗauke ni ɗansa, ɗan nasa kuma yana so a raba mu

Anti, dan girman Allah ki taimakeni kafin inyi abinda zaisa a dorani a jirgi a maidani gida. Kiyi hakuri da rubutun, hannuna na reza ne ba na biro ba.

Ni mai aski ne, kuma ba yabon kai ba, a layinmu in kinga ango kansa kamar an zana da rula to daga shagona ya fito. Nine kuma mai ganga a kungiyar mawakan cocinmu. Ranar da akace ana neman matasa masu sa kai zuwa aikin bishara a kasar waje, kafin fasto ya rufe baki na mike. Wajen addu'ar sallama nace jama'a su shirya kunne, mutum dubu zan kawo ma Ubangiji, banda yara. Mama harda taka rawa.

Da muka sauka shugaban tawaga ya raba aiki. Wasu makaranta, wasu wa'azin titi, ni da na dinko sabon kwat sai akace gidan tsofaffi. Dogon baranda, dakuna hagu da dama, warin magani, talabijin nata surutu ba mai kallo. Na leka jama'ar da zan ma wa'azin naga rabinsu barci sukeyi, sauran kuma basa jin yarena, nima bana jin nasu.

A dakin karshe wajen taga akwai wani tsoho, ance a da tela ne. Ido ya tafi, tunanin ma yana zuwa yana komawa. Gemu kamar tsintsiya, dan duk wanda ya nufoshi da reza sanda yake sha. Nas din dake mana tafinta tace kar in soma. Nace mata Sista, ni na aske yaran da suke cizo. Na jika tawul da ruwan dumi na dora masa a fuska, ina fito, ina zuba masa labarin layinmu da Hausa. Ko kalma daya baya ji amma mutumin nan yayi lamo. Da na gama sai na dan ja masa kunne, haka nake ma duk wanda ya zauna a kujerata, alamar an gama a tashi. Anti sai ya cafke hannuna yana shafawa, yana kiran wani suna, hawaye na bin kumatun da na gama gogewa. Sista tace sunan dansa ne, wai tun dan yana saurayi shi yake ma uban aski in Lahadi ta gabato. Ni kuma bakina baya jiran kaina, kawai naji nace na'am Baba.

Tun daga ranar abinci sai in ni na rike cokali. Mutumin da baya fita daki yanzu ina turashi a keke zuwa sujadar safe, har yana buga tafi a cinya. In na bashi labarin ban dariya daidai inda ya kamata yake fashewa, abinda kannena basu taba min ba.

To ashe dan yana nan da ransa. Aiki ya kaishi gari mai nisa, ya dade bai leko ba. Rannan ina cikin shafa ma Baba kumfa sai gashi, babban mutum harda furfura, da ledar tsaraba a hannu. Ya durkusa ya kama hannun uban, uban ya fizge, yace ma Sista a fitar masa da bakon nan, shi yana tare da dansa, wato ni. Dan nasa ya kalleni, ya ajiye ledar kan kujera ya fita. Ta taga na hangoshi zaune a mota, ya dade bai tada ta ba.

Washegari ya kai kara wajen shugabar gidan. Yanzu shugaban tawaga yace sati mai zuwa in koma wa'azin titi, abinda na dinga roko da farko, kuma wai amsa sunan da nayi karya ce, mai aikin Ubangiji baya karya. Anti ba inda zani. Titin ya jira. Wa zai aske Baba? Wa zai rike cokalin? Na shirya in tari dan nan in tambayeshi ina yake lokacin da gemun ubansa ya kai kirji, har na sa Sista ta koya min yadda ake fada da yarensu, ina ta haddacewa a bandaki. Abokin dakina yace ranar da na fada ranar zan ga filin jirgi. Ni ban taba jin tsoron kowa ba, amma in aka koreni Baba ne zai zauna da yunwa. Shin karya nayi da gaske? Kuma ya zanyi in zauna dashi?

Naki, Oga Kilifa

AMSA

Ɗana Oga Kilifa, ka ba ni dariya. Abin da ka yi wa dattijon nan hidima ce ta gaske, kada wa'azin titi ya sa ka raina ta.

Game da ƙarya: ba ka amsa sunan don ka ci wata riba ba, tausayi ne ya riga ka magana, kuma ban ga amfanin tsayawa gardama da mai ruɗewar tunani a kan wane ne wane ba. Sai dai shugabanka yana da gaskiyarsa. Sunan yana da mai shi, kuma mai shi ya zo. Kira shi Baba yadda kake kiran kowane dattijo, amma ka daina amsa sunan ɗansa.

Jimlar da kake haddacewa kuwa, ka bar ta a inda kake haddace ta. Ba ka san abin da ya hana mutumin nan zuwa ba. Abin da ka sani shi ne ya durƙusa gaban mahaifinsa an kira shi baƙo, kuma kai da kanka ka ga ya kasa tada mota. Ƙarar da ya kai ta mai ciwo ce. Sannan akwai abin da ba ka ambata ba: kai mai komawa gida ne. Ko an bar ka a ɗakin nan yau, ranar tafiyarka tana zuwa. Idan har lokacin hannunka kaɗai dattijon ya sani, yunwar da kake jin masa tsoro za ta same shi ba ka nan.

Ga abin da za ka yi. Je wurin shugabanka ba da faɗa ba. Ka ce ka karɓi sauyin, kana roƙon ɗan lokaci kawai don ka miƙa aikin, kuma Sista ta shaida masa batun cin abincin. Daga nan ka roƙi Sista ta haɗa ka da ɗan. Ka fara da ba shi haƙuri, ka faɗa masa cewa duk lokacin da uban ya riƙe hannunka, sunansa yake kira. Ina jin babu wanda ya gaya masa wannan. Sai ka gayyace shi aski. Kai ka jiƙa tawul, ka yi fiton da dattijon ya saba, amma rezar a hannun ɗan za ta kasance, shi kuma zai ja kunnen. Kana tsaye a bayansa, bakinka a rufe. Na san wannan ne zai fi ba ka wuya. Cokalin ma haka: ka koya wa ma'aikatan gidan yadda kake lallaɓa shi.

Mai yiwuwa dattijon ya ƙi a karon farko, mai yiwuwa ɗan ma ya ƙi zuwa. Ka sake gwadawa, naci dai kana da shi. Idan ranar ta zo da ya cafke hannun ɗansa bai nemi naka ba, zuciyarka za ta yi zafi. Ka fita baranda ka gode wa Ubangiji, aikin da ya kai ka ƙasar ke nan.

Allah ya ba Baba lafiya, ya daidaita shi da ɗansa, ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da aka tsara, ba kafin nan ba.

Anti