Ba Laifin Harsashi Ba Ne

Daren Talata, Dangora

Yau na gwada harsasan bindigar iskata kala biyu, masu tsini da masu mulmulallen kai. Sati biyu kenan kurciyoyi na cin dawata, ina harbi ba na samu, ina ɗora wa harsashi laifi.

Bayan la'asar ni da ƙanena Sale muka rataye murfin tukunya a jikin kuka, muka ja baya taku ashirin. Na harba masu tsini biyar, ɗaya ya taɓa gefe. Mulmulallun kuwa ko ɗaya. Na ce jabu aka sayar mini.

Sale ya karɓi bindigar, ya jera huɗu a tsakiya, biyu daga kowane kala. Ya ce, "Yaya, mulmulallun sun fi tafiya daidai in ana iska. Amma yaushe rabon da a duba idonka?"

Ni da a da nake sauke hasbiya tana tashi. Ko rubutun nan sai da na kawo fitila dab da takarda.

Na ce ya tafi da bindigar gidansa. Bai musa ba, wannan ya fi yi mini ciwo.