Sunan Adama Ba Ya Kan Allon Ƙofa

Zuwa ga Shugaban Hukumar Gudanarwar makarantarmu da ke Arawa, Gombe.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan hukuma. Ni ce malamar da kuka ɗora wa aikin ba ɗaliban ajin ƙarshe shawara kan karatun gaba. Sau biyu ina rubuto maka ta ofis ban ji amsa ba. Na fito da maganar fili ne saboda allon da nake kuka da shi a bakin titi yake, kowa na karanta shi, kuma lokaci ya ƙure wa yarinya ɗaya.

Na farko, allon kansa. Kowace shekara mai fenti yana rubuta sunayen ɗalibanmu da suka sami jami'a a jikin bangon ƙofa. Bana hukuma ta ce a bi martabar jami'o'in. Waɗanda suka shiga manyan da ake ji da su, a rubuta su da ruwan zinariya a sama. Masu bi musu, da farin fenti. Sauran kuma a bar su, wai bango ba zai ɗauka ba. Ba zan ɓoye laifina ba: ni na kawo jerin martabar jami'o'in nan taron malamai. A intanet na gan shi, na buga shi da murna, ina cewa zai zaburar da yara. Ban tsaya na duba abin da aka auna aka jera su haka ba. Da na koma na karanta daga baya, sai na ga yawan binciken manyan malamai ne da yadda sunan jami'a ya zagaya duniya. Ban ga inda aka tambayi wace ce ta fi koyar da duba saniya mai ciwon huhu ba.

Na biyu, Adama. Ɗiyar Malam Buba ce, suna zaune a Kagarawal, shanunsu na wajen gari. Shekara uku ina tare da ita. Tun tana aji huɗu take zuwa ofishina da tambayoyin da ke sa ni komawa littafi, domin ta ga yadda cuta ta yi wa garken babanta ɓarna a wata damina, ta ce ba za ta sake tsayawa tana kallo ba. Makin da ta ci zai iya kai ta jami'ar ruwan zinariya, amma a wani fannin da ba ta so. Ni da ita muka zauna muka zaɓi likitancin dabbobi a jami'ar wata jiha maƙwabciyarmu, inda suke da gona da asibitin dabbobi, kuma mota ɗaya za ta kawo ta gida. Ta samu. Ranar da takardar ta fito, a ofishina ta yi sujada, ta tashi tana dariya tana share hawaye da bakin hijabi.

Na uku, abin da ya faru a ƙofarmu. Malam Buba bai yi boko ba. Da ya ji an gama fenti, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauko ƙanensa a babur, suka zo ganin sunan. Ya roƙi mai gadi ya karanta masa. Mai gadi ya karanta daga sama har ƙasa, babu sunan Adama, domin jami'arta na cikin waɗanda aka bari. Malam Buba ya ce a sake, ko an tsallake. Aka sake. Ina tsaye a barandar ofis ina ganinsu, kunya ta hana ni saukowa, kuma wannan ma laifina ne. Ya yi wa mai gadi godiya, ya hau babur. Da ya isa gida bai yi faɗa ba. Ya kira Adama gefe, a hankali ya ce idan faɗuwa ta yi kada ta ji tsoron gaya masa, shi ubanta ne.

Ranka ya daɗe, ta nuna masa takardar jami'a, amma takarda ba ya iya karanta ta, bango kuwa duk unguwa ta gani. Yanzu Adama ta ce ba za ta je rajista ba. Za ta zauna shekara guda ta sake jarrabawa, ta karɓi kowane fanni, muddin babanta zai ji an karanta sunanta a ƙofa. Rajista za ta rufe ƙarshen mako mai zuwa. Idan ta wuce, gurbin ya tafi.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani. Ngozi, ƙawarta, wadda babanta ke sayar da kayan gyaran mota, ita ce ta biyu a layin zinariya. Ta zo wurina ta ce a goge nata, tunda Adama ce ta koya mata ilmin sinadarai a ƙarƙashin bishiyar bayan aji. Na hana ta, domin ta cancanci sunanta. Ba na neman a rage wa kowa haske. Ina alfahari da yaranmu na layin sama, ni na cika musu fom.

Ga roƙona. A rubuta sunan duk ɗalibin da ya sami gurbi, jami'a ce ko kwaleji, da fenti iri ɗaya, tare da abin da zai karanta. Idan hukuma na buƙatar zama kafin ta sauya tsari, to a ba ni izinin suna ɗaya tak kafin Juma'a. Na je na auna bangon da tafin hannuna, akwai fili a ƙasa. Na tambayi mai fenti, ya ce aikin rabin awa ne. Ni zan je Kagarawal da kaina na ba Malam Buba haƙuri, na roƙe shi ya sake sa farar rigarsa. Wannan karon zan sauko daga baranda, ni zan karanta masa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuriya, ya sa ka ji sunayen 'ya'yanka a inda kake fata.

Wassalam.

Malama Rabi,
mai ba ɗalibai shawara.