Matar da Ba Ta Kwashe Shanya Ba

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidan. Jadawalin gyara rayuwa da kika aiko ya iso: tashi ƙarfe huɗu, ruwa kofi takwas, murmushi a madubi. Na gwada na madubin, sai na ba kaina tsoro.

Kin ce in bar gadin gidan zane-zane, wai zaman banza ne. Zaman kam ina yin sa, wata bakwai ke nan a gaban zanen hoto guda da ke rataye a bango. Wata mata ce zaune a bakin ƙofa, ruwan sama na dukan shanyarta, ita kuwa ko motsi. Ki zo ki gan ta. Tun rasuwar Inna ba ki tako inda nake ba, sai dai takarda, kuma ko a ranar ban ga hawayenki ba. Abin yana damuna.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba sai na zo ba, daga bayaninka na gane matar, malalaciya ce. Mai manufa ba ya zuba wa kayansa ido suna jiƙewa. Maganar kuka kuma, malamin da ke koyar da mu ta waya ya ce baƙin ciki zaɓi ne, ni kuwa ci gaba na zaɓa. Yau kwana ɗari da goma ban tsallake layi ko ɗaya a jadawalina ba. Don Allah ka cike naka.

Na bar ka lafiya.
Ƙanwarka

Auta,

Ina amsawa, sannu da ƙoƙari. Ni ma da fari lalaci na ɗauka. Sai da aka canza ƙwan fitilar ɗakin na lura kayan igiyar duk na tsohuwa ne, ita kuwa matar ba ta wuce sa'arki ba. A cinyarta akwai tabarau, alhali nata na fuskarta. Wankin ƙarshe ta yi wa wata, in ta kwashe shi ke nan an gama.

Ke kika wanke kayan Inna, kika ninke, kika rabar a yini guda, mu kuma muna ta yaba miki. Ba wanda ya ce ki zauna. Wannan laifina ne, ki yafe mini.

Akwai benci a gaban matar. Laraba ba a cika samun mutane ba.

Allah Ya kiyaye ki.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, ka yi haƙuri da shirun mako uku. Na zo, amma ranar hutunka, don kada ka gan ni. Minti biyar na ba kaina, sai da abokin aikinka ya ce za a rufe na tashi. Shi ya ba ni hankici.

Ban rabar da kayan duka ba. Mayafinta mai ruwan ƙasa yana ƙasan akwatina, ban wanke shi ba, har yanzu da ƙamshinta. Ina kewarta, Yaya, kamar in yi yaya.

Jiya sai bakwai na farka. Na bar layin jadawalin haka nan, kuma ba abin da ya faru. Zan zo Laraba, in kana nan.

Autarku

Auta,

Ina nan. Ki taho da mayafin, bencin zai ɗauke mu mu biyu. Ni ma ban gama kukana ba.

Sai kin zo.
Yayanki