Kanurin Aji Biyar

Maisandari, Maiduguri
Satumba

Zuwa ga Kawu Manasse,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar? Ina fata ɗinkin ya kame, kana kuma bin maganar likita. A gaida ɗanka Alfred da iyalinsa. Tunda ka ce maganar makarantarka ba a yin ta a waya sai a rubuce, ga shi na rubuta da hannu, zan ɗauki hoto in tura wa Alfred ya nuna maka.

An koma karatu lafiya, rufin aji uku ma ya daina yoyo. Amma maganar Kanuri ta tsaya mini a wuya. Ka san Malam Kolomi, malaminmu na Kanuri, ya bar mu, ya koma Kasuwar Shanu ya riƙe wa mahaifinsa sana'a tun da tsohon ya kwanta. Jiya na duba jadawalin da ka aiko, sai ga sunana a gurbinsa: Kanuri, aji biyar, Malama Phebe. Na ɗauka hannunka ne ya zame.

Kawu, ni 'yar ƙanwarka ce, ka san abin da na sha a nono. Bura nake ji, da Hausa, da Turanci. Kanurina bai wuce na gaisuwa da taya tumatir ba, shi ma sai masu tumatir sun gama dariya suke auna mini. Fiye da rabin ajin nan da Kanuri suke kwana suke tashi. In tsaya a gabansu in ce me?

Alfred ya kira ni ya ce kada in damu, in sauke manhajar nan ta AI da ake tambaya ta rubuta komai. Na sauke. Ban raina ta ba: na gwada ta a lissafi, kafin ruwan shayina ya tafasa ta jero mini tambayoyi masu kyau. Amma lissafi na sani, in ta yi kuskure zan kama ta. A Kanuri wa zai kama ta?

Malam Kolomi ya ce zai iya zuwa da yamma sau biyu a mako in ka yarda. Ina roƙonka ka yarda.

Allah ya ƙara sauƙi.
'Yarka,
Phebe

*

Abuja
Satumba

Zuwa ga Malama Phebe Yoila,
Mataimakiyar Shugaban Makaranta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, na kuma karanta ta da idon basira. Ƙafa da sauƙi, mun gode wa Allah, sai dai likita ya hana ni tafiya mai nisa har zuwa sabuwar shekara.

Game da Malam Kolomi, amsata ita ce a'a. Makaranta ba tashar mota ba ce da mutum zai shigo in ya ga dama, ya fita in an kira shi cinikin sa. Malami ko yana ciki, ko yana waje. Haka na riƙe makarantun gwamnati tun kafin a haife ki, haka kuma zan riƙe tawa.

Game da na'ura, na gani da idona. Alfred ya zaunar da ni ya ce in tambaye ta abin da na ga dama. Na tambaye ta kogunan Afirka, ta kawo su ba tuntuɓe. Na ce ta rubuta wa iyaye takarda da Turanci, ta rubuta wadda ni kaina zan sa wa hannu. Abin da ya san Turanci haka, Kanuri ne zai gagare shi? Duniya ta yi gaba, 'yata. Mun rubuta a allon ƙofar makaranta cewa muna koyar da harshen gida, kuma ba zan goge ba.

Ki daina raina kanki. Malami na gari darasi ɗaya kawai yake buƙatar ya riga ɗalibi sani.

A tabbatar ana share bayan ajujuwa.

Naki,
Manasse Pindar
Shugaban Makaranta

*

Maisandari
Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan sauƙi na ƙaruwa. An share bayan ajujuwa.

Na bi umarninka, ga kuma abin da ya fito. Ranar Litinin na tambayi na'urar sunayen kayan kicin da Kanuri, ta ba ni, na rubuta a allo. Ranar Laraba na sake tambayarta don in shirya gwaji, sai ta ba ni wasu daban. Na ce mata, ba haka kika ce shekaranjiya ba. Ta ce, "Kin yi gaskiya, ki yi haƙuri," ta kawo na uku. Kawu, ban taɓa ganin mai saurin ba da haƙuri da rashin kunya irin wannan abu ba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa ban sani ba.

Yaran kuwa tarbiyyarka ce, ba sa gyara wa malami magana. In na karanta, sai su sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na ce duk wanda ya ga kuskure ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga. Wani ya ce, "Malama, wataƙila Kanurin boko ne."

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne Muhsinat. Ka san ta, jikar Hajja Yakaka ta Umarari, wadda ke zuwa ta ɗaya tun aji biyu. Na yi gwajin tsakiyar zango, na ba takardun maki bisa amsoshin da na'urar ta ba ni, don ba ni da wasu. Muhsinat ce ta zo ta ƙarshe. Yaran Igbo biyu na ajin, Chiazom da Nnamdi, su suka zo kan gaba, domin sun haddace abin da ke allo, ba su da wani Kanuri a gida da zai ruɗa su.

Ba ta yi kuka ba. Ta jira kowa ya fita, ta zo da takardarta duk ja, ta ce, "Malama, wanne ne daidai, na gida ko na makaranta?"

Me kake so in ce mata? In na ce na gida, gobe da wace fuska zan riƙe alli? Na ce na makaranta. Ta ce to, ta tafi. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi.

Ina sake roƙonka a kan Malam Kolomi. Ko kuwa ka ba ni izini in rufe darasin nan har ka dawo.

'Yarka,
Phebe

*

Abuja
Nuwamba

Yaya Phebe,

Ya aiki, ya yara? Baba yana hutawa, ya ce in amsa miki. Takardarki ta sa jininsa ya ɗan hau, don Allah a riƙa sassautawa.

Gaskiya matsalar ba ta AI ba ce, yadda kike tambayarta ne. Kada ki ce mata kawai ba ni kalmomi. Ki fara da cewa, ke ƙwararriyar malamar Kanuri ce. Za ki ga bambanci. Mu a ofis da ita muke komai, babu wanda ya taɓa kuka.

Maganar rufe darasi Baba ya ce babu ita. Ya ce ma a ranar al'adu ta ƙarshen zango aji biyar su yi wa iyaye waƙar maraba da Kanuri, kowa ya ga ci gaban da aka samu. Don in rage miki wahala na sa ta rubuta waƙar, ga ta nan na turo. Na tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Ki ɗauko mana bidiyo.

Sai mun yi waya.
Ƙaninki,
Alfred

*

Maisandari
Disamba

Kawu Manasse,

Ina gaisuwa. Ban ɗauki bidiyo ba, amma kada ka damu, iyaye sun ɗauka, yanzu haka yana yawo a wayoyin Maisandari da Umarari.

Kafin ranar na so in kai wa Malam Kolomi waƙar ya duba. Na je har Kasuwar Shanu, aka ce ya bi motar shanu zuwa kudu, wayarsa kuma ba ta shiga. Malamanmu da na nuna wa, babu Bakanuri a cikinsu. Na so in nuna wa wani cikin iyaye, sai na tuna ka hana a fitar da maganar makaranta waje. Don haka na koya wa yaran yadda aka turo.

An cika rumfa. 'Yan aji huɗu sun yi rawarsu an tafa. Aji biyar suka fito cikin kaya masu kyau, Muhsinat a gaba tana ba da waƙa. Baiti na farko ya wuce shiru. A na biyu na ji Hajja Yakaka, wadda ke zaune a layin gaba, ta juya ta tambayi na kusa da ita da ƙarfi, "Wannan wane yare ne?" Wani ya ce wataƙila Fulatanci ne. Wani Bafulatani daga baya ya ce shi dai ba nasu ba ne. Aka dubi wani Shuwa, ya ɗaga hannu biyu ya ce a cire shi a ciki.

Da a nan ta tsaya da na gode. Amma amshin waƙar, layi ɗaya tak, ya fito da Kanuri tsantsa da kowa ya gane. Na koya wa yaran su miƙa hannu wajen iyaye in sun zo wurin. Suka miƙa hannu, suka rera da murya ɗaya cewa awakinmu sun iso lafiya. Sau uku, Kawu, don amshi ne.

Matasa suka kwanta da dariya. Dattawa ba su yi ba.

Da aka watse Hajja Yakaka ta same ni a ofis, riƙe da hannun Muhsinat. Ba ta ɗaga murya ba, na so ma ta ɗaga. Ta ce, "Malama, awakin ba su dame ni ba, an kira ni abin da ya fi haka. Abin da ya kawo ni, yarinyar nan ta fara gyara mini magana. In ce ta miƙo mini ludayi, ta ce Kaka ba haka ake faɗa ba, Malama ta ce ga sunansa. Ni da na binne uwata da yaren nan. Yanzu ko hira ba ta son yi da ni, wai nawa ba daidai ba ne." Sai ta tambaye ni wane malami ne ya koya mini Kanuri. Na nuna mata wayata. Ta dubi wayar, ta ce, "A wace unguwa ta girma?"

Na durƙusa a gaban Muhsinat na ce mata na gida ne daidai, ni ce na yi kuskure. Ta dubi kakarta, ta dube ni, kamar ba ta san wa za ta yarda da shi ba.

Hajja ta ce jikokinta uku ba za su dawo a Janairu ba. Gidaje da dama sun ce sai sun ga abin da ta yanke.

Ba zan sake shiga darasin Kanuri ba, ko da za ka sallame ni. Kuma kada Alfred ya sake ce mini yadda nake tambaya ne. Abu ɗaya nake roƙo. Ka bar kogunan Afirka. Ka ce na'urar ta rubuta maka waƙar da mata ke yi a bakin dutsen niƙa, da Bura, irin wadda kaka take yi. Ka karanta, sannan ka rubuto mini.

Allah ya ba da lafiya.
Phebe

*

Abuja
Disamba

'Yata Phebe,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu.

In Malam Kolomi ya dawo, ki same shi ki ce ya zaɓi ranakun da suka yi masa. Ki je Umarari gidan Hajja Yakaka, ki ce Manasse na zuwa da kansa da zarar likita ya sake shi, ko da sanda ne. Lissafinki ki ci gaba da yi da na'urar in kina so.

Na yi abin da kika ce. Ta rubuta waƙar nan take, baiti huɗu, tsaf da su. Na gane kalmomi kaɗan. Wasu na yaren Margi ne, wasu Hausa ce aka murɗe, sauran ban san inda ta samo su ba. Na buɗe baki zan yi dariya.

Sai Alfred ya karɓi wayar daga hannuna, ya karanta a fili daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Ya ce, "Baba, ka gani ko? Har Bura ta iya." Ya kira 'yarsa ya ce ta zo ta koyi waƙar kakanninta.

Ashe ɗan cikina ma bai iya Burar da zai gane wannan ba ita ba ce. Ban san ta inda zan fara ba.

Kawunki,
Manasse