Tayar Ciki

Lahadi da dare, unguwar Small Heath.

Har yanzu kunya ba ta sake ni ba. Da safe matata Habiba ta ce in kai motar nan mai ɗaki a cikinta da na aro gareji a duba iskar tayoyi, kafin mu kama hanyar Manchester zuwa bikin sunan ɗan ƙanwarta. Na ce ba sai an je ba. Na zagaya ina harbin tayoyin da ƙafa, yadda direbobi suke yi a tasha a gida, na ce lafiya lau. Na manta tayoyin baya bibbiyu ne, ƙafata ba ta kai ta ciki ba.

Muna kan babbar hanya, motorway, ta ce, "Baban Nana, motar nan fa rawa take yi." Ga Baba, mahaifinta, zaune a gefena. Sai kawai na ce, "Ke yaushe kika san mota?" Wallahi ban san abin da ya hau kaina ba.

Ba mu yi nisa ba tayar ciki ta fashe. Allah ya tsare, na samu na gangara gefe. Muka tsaya a bakin titi cikin yayyafi muna jiran masu jan mota, abincin da ta kwana tana dafawa yana hucewa a ciki. Ko da muka isa, an watse.

Baba kuwa rigar sanyinsa kawai ya cire ya yafa wa 'yarsa.

Ɗazu ta kawo mini shayi kamar kullum, har tana tambaya ko sukari ya ji. Da ma zagina ta yi.